Shin Mahaifa Tana Gajiya? Haihuwa Bayan Zubewar Ciki Sau da Yawa

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin haihuwar ɗan Adam ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare ya san cewa tambayoyin gaske ba a cikin aji ake yin su ba. Sai an buga ƙararrawa an watse, sannan wata ɗaliba za ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Malama, yayata ce a Samaru ta yi ɓari sau uku, dangin mijinta sun ce mahaifarta ta lalace. Gaskiya ne?" Wata kuwa za ta ce ƙawarta ce a Sabon Gari, kuma ita ba ɓari ta yi ba, cire cikin aka yi har sau biyu. Tambayar dai ɗaya ce: macen da ciki ya zube mata sau da yawa, za ta sake ɗaukar wani, ta kuma riƙe shi har ya isa haihuwa?

Amsar ilmin likitanci a taƙaice ita ce, mafi yawansu suna sake haihuwa. Mahaifa ba ta riƙe lissafin cikin da ya zube. Abin da ke yanke hukunci shi ne halin da aka bar gaɓoɓi uku a ciki bayan kowane karo, wato shimfiɗar mahaifa, da bututun ƙwai, da bakin mahaifa. Yawan karon yana da muhimmanci ne domin kowane karo wata sabuwar ƙofa ce da rauni ko cuta za su iya shiga.

Bahaushe ya bambanta ɓari, wanda ke zuwa da kansa, da zubar da ciki, wanda ake yi da gangan. A harshen likitanci kuwa kalma ɗaya ce ta daɗe tana ɗauke da ma'anonin biyu, kuma akwai dalili: da zarar ciki ya tashi fita, aikin da jiki zai yi da haɗarin da zai fuskanta kusan iri ɗaya ne. Dokar Nijeriya, a Arewa da Kudu, ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, kuma malaman addini suna da hukunce-hukuncensu a kai, waɗanda wannan shafi ba shi ne wurin tattauna su ba. Amma babu dokar da ta hana a yi wa mace magani bayan ciki ya zube, ko ta wace hanya ya zube. Rashin sanin wannan yana jawo hasara babba. Binciken da Cibiyar Guttmacher ta Amurka ta gudanar tare da masana daga Jami'ar Ibadan ya ƙiyasta cewa a shekarar 2012 an zubar da ciki kimanin miliyan 1.25 a ƙasar nan. Mata kimanin 212,000 sun sami magani saboda matsalar da ta biyo baya, wasu kimanin 285,000 kuwa sun sami matsalar da ke buƙatar asibiti amma ba su sami kulawa ba. A cikin wannan rukuni na ƙarshe ne rashin haihuwa ya fi samun wurin zama.

Ƙwai ba ya ƙarewa

Bari mu fara kawar da wata magana da ake yawan ji, wai wadda ta zubar da ciki da yawa ta ƙarar da 'ya'yan da ke jikinta. Ana haifar jaririya da ƙwayayen haihuwa tsakanin miliyan 1 zuwa 2 a cikin ma'ajin ƙwanta guda biyu. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin 300,000 ko 400,000, kuma a duk tsawon rayuwarta waɗanda za su nuna su fito ba za su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran shekaru ne ke cinye su, ko ta yi aure ko ba ta yi ba. Zubewar ciki ba ta taɓa wannan ma'aji. Hasali ma, bayan zubewar ƙaramin ciki sabon ƙwai yana iya fitowa cikin kwana 8 zuwa 10, kuma galibi yana fitowa cikin wata guda. Saboda haka mace tana iya ɗaukar wani ciki tun kafin ta ga hailarta ta farko.

Shimfiɗar mahaifa

Mahaifar da ba ta ɗauke da ciki ba ta wuce dunƙulen hannun mace ba. Cikinta yana lulluɓe da wata shimfiɗa mai laushi, mai hawa biyu. Hawan sama shi ne ke kauri kowane wata don tarbar ƙwan da ya haɗu da maniyyi, idan bai zo ba ya zube a matsayin jinin haila. Hawan ƙasa ba ya zuba, domin daga gare shi ne na sama ke sake tsirowa. Ɗalibin da ya taɓa aikin gona zai gane wannan da sauri: idan aka yanki ciyawa da lauje, ruwa ɗaya ya isa ta dawo, idan aka kafce ta da fartanya har saiwa, wurin ya zama fako.

Tsohuwar hanyar wankin ciki ita ce a buɗe bakin mahaifa da ƙarafa, a zura wani ƙarfe mai kama da cokali mai kaifin baki a kankare bangon. Mahaifar da ta fito daga ciki tana da taushi ƙwarai, kuma mai kankarar ba ya ganin abin da yake kankara. Idan hannunsa ya yi nauyi ya kai hawan ƙasa, sai bangon gaba da na baya, waɗanda dama suna jingine da juna, su warke a manne, tabo ya haɗa su. Wani likitan Jamus mai suna Heinrich Fritsch ya fara bayyana wannan a 1894, sannan Joseph Asherman na Isra'ila ya yi cikakken bayaninsa a 1948, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara bincike da dama, ya gano irin wannan mannewa a jikin kimanin mace 1 cikin 5 da aka leƙa mahaifarsu bayan ɓari. Fiye da rabinsu mannewar mai sauƙi ce, amma haɗarin yana ƙaruwa da yawan kankarar da aka yi wa mace.

Alamar da ya kamata kowace mace ta sani ita ce wannan: bayan wankin ciki haila ta ragu ƙwarai, ko ta ɗauke gaba ɗaya alhali babu ciki, wani lokaci tare da ciwon mara a ranakun da ya kamata ta zo. Akan yi maganinsa da wani siririn madubi mai fitila da ake zurawa ta bakin mahaifa, likita yana gani yana yanke tabon. Mai sauƙi yana warkewa da kyau. Mai tsanani yana iya dawowa, kuma ko an sami ciki dole a sa ido, domin mabiyiya tana iya kamawa da ƙarfi ta ƙi fita bayan haihuwa, jini ya ɓalle.

Abin farin ciki shi ne an sami hanyoyin da suka fi wannan. Tun 1958 wasu likitoci biyu a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka nuna cewa ana iya tsotso abin da ke cikin mahaifa da iska. Daga baya aka ƙera babban sirinji na hannu mai bututun roba mai laushi, wanda ba ya buƙatar wutar lantarki, kuma ungozomar asibiti da ta sami horo tana iya aiki da shi. Akwai kuma magungunan da ke sa mahaifa ta matse ta fitar da ragowar ɓari da kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2012 a maye gurbin kankara da waɗannan hanyoyi, ta kuma sake jaddada haka a 2022. A ra'ayina, macen da aka ce za a yi mata wankin ciki tana da haƙƙin ta tambaya, ko mijinta ya tambaya mata, da wace hanya za a yi.

Bututun ƙwai

A ƙasarmu babbar ɓarna a nan take. Bututun ƙwai guda biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne tsawonsa kimanin santimita 10, kuma a wurin da ya fi matsewa ramin cikinsa bai wuce milimita 1 ba. A cikinsa ƙwai da maniyyi ke haɗuwa, wasu 'yan gasusuwa da ido ba ya gani su riƙa tura ƙwan har ya faɗa mahaifa cikin 'yan kwanaki. Hanya mai wannan ƙanƙanta ba ta buƙatar babban rauni kafin ta toshe.

A lokacin lafiya bakin mahaifa a rufe yake da majina mai kauri wadda ke tare ƙwayoyin cuta. Bayan zubewar ciki ƙofar a buɗe take, kuma idan akwai guntun nama ko gudan jini da ya rage a ciki, ƙwayoyin cuta sun sami abinci. Suna shiga ta ƙarfen da ba a dafa ba, ko tsinke, ko saiwa, ko sassaƙen da aka cusa. Wani lokaci kuma dama suna zaune a bakin mahaifa, kamar ƙwayar ciwon sanyi da wata mai suna kilamidiya, wadda mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai. Daga mahaifa sai su haura bututu, ya kumbura, ya yi mugunya, ya warke da tabo.

A birnin Lund na ƙasar Suwidin, Lars Weström da abokan aikinsa sun bi diddigin mata 1,844 da aka tabbatar sun yi irin wannan kumburi tsakanin 1960 da 1984. Cikin waɗanda suka nemi haihuwa daga baya, toshewar bututu ta hana kashi 8 cikin 100 na waɗanda suka kamu sau ɗaya, da kusan kashi 20 na waɗanda suka kamu sau biyu, da kashi 40 na waɗanda suka kamu sau uku ko fiye. Mai karatu ya lura, abin da aka ƙidaya a nan yawan kamuwa da cuta ne. Mace biyu suna iya yin ɓari sau uku-uku, ɗaya ta je asibiti a kan kari a kowane karo bututunta ya tsira, ɗayar ta kwanta da zazzaɓi mako guda tana shan abin da aka haɗo mata daga kemis, ta rasa duka biyun tun a karon farko.

Bututun da ya toshe rabi-rabi yana da nasa haɗarin, domin maniyyi yana iya wucewa amma ƙwan da ya fara girma ya maƙale. Wannan shi ne ciki a wajen mahaifa. Macen da ta yi ɓatan wata, ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma, a kai ta asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Ko an cire bututu ɗaya, ɗayan idan lafiyayye ne ya isa a haihu.

Alamomin haɗari bayan kowace irin zubewar ciki ba su da wuyar riƙewa: zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon mara da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko jinin da ke jiƙa audugar mata biyu a sa'a guda har sa'a biyu a jere. Idan kuma an gano ciwon sanyi ko kilamidiya, wajibi ne a yi wa miji magani tare da matar, in ba haka ba an yi aikin baban giwa.

Bakin mahaifa

Bakin mahaifa kamar bakin jaka mai zariya yake, aikinsa ya zauna a tsuke wata tara yana ɗauke da nauyin da ke ƙaruwa kullum. Idan aka sha buɗe shi da ƙarfi, ko ya yage, yana iya saki tun ciki yana wata huɗu zuwa shida, sau da yawa ba tare da naƙuda mai zafi ba: sai dai mace ta ji nauyi a ƙasa, faya ta fashe.

A ƙasar Finlan an duba bayanan mata fiye da 300,000 da suka yi haihuwar fari tsakanin 1996 da 2008. Haihuwar bakwaini mai tsanani, wato kafin mako 28, ta sami 3 cikin 1,000 na waɗanda ba a taɓa cire musu ciki ba, 4 na waɗanda aka cire wa sau ɗaya, 6 na masu sau biyu, da 11 na masu sau uku ko fiye. Malamin lissafi zai iya ba ɗalibansa waɗannan alƙaluma su yi muhawara. Wani zai ce haɗarin ya kusa ninkawa huɗu, kuma ya yi gaskiya. Wani zai ce 989 cikin 1,000 sun tsallake, shi ma ya yi gaskiya.

Daga Sikotlan kuma aka sami ƙarin haske. Binciken haihuwar fari fiye da 700,000 daga 1980 zuwa 2008 ya nuna cewa alaƙar da ke tsakanin cire ciki da haihuwar bakwaini tana da ƙarfi a farkon shekarun 1980, ta yi ta raguwa, har ba a iya ganinta bayan shekarar 2000. A tsakanin nan likitocin ƙasar sun rage buɗe bakin mahaifa da ƙarfi, sun koma tausasa shi da magani tukuna. Sai dai a tuna, waɗannan alƙaluma na ƙasashen da ake yin aikin a asibiti ne, a hannun ƙwararru. Ba za a ɗora su a kan abin da ake yi a ɗakin bayan shago ba.

Bakin mahaifa mai rauni yana da magani, shi ne ɗaurin mahaifa: a zagaya shi da zare mai ƙarfi a tsuke. Likita Shirodkar na Indiya ya bayyana hanyarsa a 1955, McDonald na Ostareliya ya kawo mai sauƙi a 1957. Akan ɗaura ne wajen mako 12 zuwa 14, a kwance wajen mako 36 ko 37.

Idan ɓarin ne ke maimaituwa

Ɓari ya fi yadda ake zato yawa. Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi yana zubewa, wato ɓari miliyan 23 a duniya kowace shekara. Kimanin mace 1 cikin 10 ta taɓa yi sau ɗaya, 2 cikin 100 sau biyu, ƙasa da 1 cikin 100 sau uku ko fiye. Kusan rabin ɓarin farkon ciki yana faruwa ne saboda kuskuren ƙidaya a zaren gado, wato kuromozom. Ɗan tayi yana buƙatar 46, uwa ta ba da 23 uba ya ba da 23. Idan aka sami ƙari ko ragi, galibi ginin ba ya ci gaba. Wannan kuskure yana ƙaruwa da shekaru. A Norwe an gano a 2019 cewa haɗarin ɓari kimanin kashi 10 ne ga 'yan shekara 25 zuwa 29, amma ya haura kashi 50 daga shekara 45. Shara, da girki, da tsorata, da kusantar miji ba sa zubar da lafiyayyen ciki, don haka zargin da ake ɗora wa mace cewa ita ta yi sakaci zalunci ne tsantsa.

Akwai dalilan da ake iya ganowa a magance: ciwon suga da ba a kula da shi ba, matsalar ƙullutun maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo, shamaki ko ƙari a cikin mahaifa, tunjere, zazzaɓin cizon sauro, da wani ciwo da ke sa jini daskarewa a jijiyoyin mabiyiya, wanda ake magancewa da ƙaramin asfirin da allurar tsinka jini a ƙarƙashin kulawar likita. A kusan rabin mata kuwa duk gwaji yakan fito lafiya. Wannan ba mummunan labari ba ne: a wani bincike na birnin Libaful a 1999, kimanin 3 cikin 4 na irin waɗannan mata da suka sake ɗaukar ciki sun riƙe shi, ba tare da wani magani na musamman ba sai kulawa ta kusa.

Wani gwaji mai arha da ake mantawa shi ne rukunin jini. Kimanin mutum 1 cikin 20 a Nijeriya ba shi da sinadarin Resus a jininsa. Idan uwa ba ta da shi, ɗan cikinta yana da shi, jikinta yana iya koyon yaƙar jinin 'ya'yan da za su biyo baya. Allurar da ke hana wannan ta fito tun 1968, kuma ana yin ta cikin sa'a 72 bayan haihuwa ko zubewar ciki, musamman wanda ya wuce mako 12.

Ciki na gaba

Yaushe za a sake nema? A 2005 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya sun ba da shawarar jiran wata 6. Binciken da ya biyo baya, har da na Norwe a 2022 a kan ciki fiye da 70,000, bai ga ƙarin haɗari ga waɗanda suka ɗauka kafin nan ba. Ni dai ina ganin a wurinmu ma'aunin shi ne jini da zuciya: ƙarancin jini ya yi yawa a matanmu, sai a bari ya dawo, cuta ta warke, baƙin ciki ya lafa, a kuma fara shan folik asid tun kafin a ɗauka.

Idan shekara ta cika ba labari, ko wata 6 ga wadda ta kai shekara 35, sai a je asibiti, kuma a je tare. Gwajin maniyyi ya fi duk gwaje-gwajen mace sauƙi da arha, kuma a kaso mai yawa na ma'aurata matsalar tana wajen namiji ko wajen su biyun, ko da kuwa matar tana da tarihin da take jin tsoro. Ita kuma za a yi mata hoton ciki, da wani hoto da ake zuba ruwa mai bayyana a mahaifa a ga ko ya ratsa bututu. Mutanen Samaru da Sabon Gari suna kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, inda akwai sashen mata da haihuwa. Abin da likita ya fi buƙata shi ne tarihi na gaskiya: ciki nawa, kowanne wata nawa, ta yaya ya fita, an yi wanki ko ba a yi ba, an yi zazzaɓi ko ba a yi ba. Sirrin majiyyaci amana ce a kansa, kuma mace tana iya neman a bar ta ita kaɗai da shi da ma'aikaciyar jinya.

A nan Zariya ne Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 a asibitin jami'a daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su yi awon ciki ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Al'adarmu ta ɓoye ciki har sai ya fito fili tana da ƙarfi, kuma macen da ta sha ɓari ta fi kowa son ɓoyewa, don gudun baki da gudun sake jin kunya. Amma ɗaurin mahaifa a wata na uku ake yinsa, maganin daskarewar jini tun farkon ciki ake fara shi, hoton da ke tabbatar da cewa cikin yana cikin mahaifa kuma a mako na 6 zuwa 8 ake ɗaukarsa. Tana iya ɓoye wa makwabta har wata biyar in ta so, amma katin awo a yanke shi da zarar gwajin fitsari ya nuna.